Wane Injin Yankan Ƙarfe Ya Dace Da Mai Koyon Walda A Gida?

Mafi yawan waɗanda suka fara walda a gida sukan zuba kuɗinsu a kan injin walda, su bar maganar abin yanka sai daga baya. Sai an zo haɗa ƙafar tebur ko mazaunin faranten sola sannan a gane cewa matsalar tun daga wajen yanka ta faro. Idan bakin fayif biyu bai haɗu daidai ba, akan samu giɓi a tsakani, kuma fayif mai kaurin milimita 1.5 huda shi wuta take yi idan aka tsaya cike giɓi. Ban da haka, kuskuren digiri 2 a kwana yana zama karkatar santimita 3.5 a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya. Saboda haka arahar injin yanka ba ta tsaya ga kuɗin da aka biya a shago ba. Akwai kuɗin faifai, akwai wutar da zai ja, akwai kuma ƙarfen da zai lalata.

Zarton hannu

Shi ne mafi araha, ba ya buƙatar wuta, ba ya fitar da tartsatsi. Ruwansa yakan kai tsawon milimita 300, kuma ana sayar da shi bisa yawan haƙora a kowane inci: 18, 24 ko 32. Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora uku su riƙa taɓa ƙarfen a lokaci guda. Don haka siririn fayif mai haƙora 32 yake so, rodi mai kauri kuma mai 18. Ga wanda zai yi yanka biyar ko shida a mako, zarto ya wadatar. Amma mazaunin sola guda ɗaya yana iya cin yanka fiye da ashirin, kuma da hannu ya gaji layi yakan fara karkacewa.

Giranda

Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 takan ja wuta tsakanin wat 700 zuwa 900, tana juyi kusan sau 11,000 a minti. Da siririn faifai mai kaurin milimita 1 tana yanka fayif da angul cikin sauri. Fifikonta shi ne aiki biyu take yi: ta yanka, sannan a sauya faifai ta goge walda. Tunda babu mai walda da zai iya aiki ba tare da gogewa ba, ita ce ta cancanci a fara saya.

Rauninta shi ne hannu ne ke jagorantar ta. Ana rage wannan ta hanyar zana layi da sukwaya a dukkan ɓangarori huɗu na fayif, a ɗaure shi da kyau, a yanka ɓangare bayan ɓangare maimakon a ratsa shi gaba ɗaya.

Injin yanka na girke mai faifan dutse

Wannan shi ne wanda ake gani a yawancin shagunan masu walda, mai babban faifai na milimita 355 wanda ake dannawa ƙasa a kan ƙarfen da aka matse. Irin na Makita da DeWalt suna jan wat 2,000 zuwa 2,300, suna juyi kusan sau 3,800 a minti. Ingco da Total su ma suna yin irinsa, kuma sun fi sauƙin kuɗi.

Faifansa ba haƙora gare shi ba, gogar ƙarfen yake har ya ratsa shi. Shi ya sa yake fitar da tartsatsi mai yawa, bakin ƙarfen ya yi zafi, ya kuma bar kaifi da sai an bi da giranda ko magagari. Faifan yana ƙanƙancewa da kowane yanka, kuma idan aka danna da ƙarfi yakan ɗan lanƙwasa, yankan ya fita a karkace, musamman a kwanar digiri 45. Duk da haka faifansa na da araha, ana samunsa ko'ina, kuma bai damu da irin ƙarfen da aka ba shi ba, ko rodi ne ko tsohon ƙarfe mai tsatsa.

Injin yanka mai haƙoran kabayid

A ido kamar na baya yake, amma aikinsu ya bambanta. Ruwansa ƙarfe ne mai haƙora masu tauri, kuma a hankali yake juyi, kusan sau 1,300 zuwa 1,550 a minti. Makita LC1230 da injinan kamfanin Evolution na cikin wannan rukuni. Yana fere ƙarfen ne, don haka tartsatsi kaɗan ne, bakin yankan ya fita sumul a miƙe, ana iya ɗauka a kai wajen walda nan take.

Tsadar tana wuri biyu: injin da kuma ruwansa. Ruwa ɗaya ya ninka faifan dutse kuɗi sau da yawa, kuma idan ƙarfe ya motsa ana cikin yanka, ko aka sa masa ƙarfe mai tauri sosai, haƙora na iya karyewa a rana ɗaya. Kafin a saya, a fara tambayar inda za a samu wani ruwan idan na farko ya mutu.

Kuskuren da ke iya raunata mutum

Wasu sukan sayi injin faifan dutse mai araha, su ɗaura masa ruwan kabayid don su samu yanka mai kyau. Wannan ganganci ne, domin ruwan da aka ƙera don juyi 1,500 zai riƙa juyi 3,800, haƙoransa kuma na iya fizgewa. Haka nan ɗaura wa giranda ruwan zarton katako, ko cire murfin kariyarta don babban faifai ya shiga. Kowane faifai an rubuta iyakar gudunsa a jikinsa: na milimita 115 yakan kai 13,300, na milimita 230 kuwa bai wuce kusan 6,600 ba. Dole lambar faifai ta kai ko ta wuce ta injin.

Faifan dutse yana kuma da wa'adi. Danƙon da ya haɗa shi yana rauni da tsufa da laima, shi ya sa masu inganci suke ɗauke da shekarar ƙarewa a kan zoben ƙarfen da ke tsakiya, yawanci shekara uku daga ƙerawa. Wanda ya faɗi ƙasa ko ya tsage, jefar da shi ya fi.

Maganar wuta

Injin wat 2,300 a kan wutar bolt 230 yana jan kusan amfiya 10, kuma lokacin tashi yana fizgar fiye da haka. Janareta mai 2.5kVA wat 2,000 ne kawai yake bayarwa a zahiri, don haka ba zai ɗauke shi cikin natsuwa ba. Ƙaramar giranda kuwa za ta yi aiki a kansa ba wahala. Masu sayen na hannu su duba farantin da ke jikin injin, domin wanda aka ƙera don Amurka na bolt 120 ne, kuma wutar Najeriya ko Nijar ƙona shi za ta yi.

Tartsatsi ma abin lura ne. Ba a yanka kusa da jarkar fetur ko janareta, kuma idan ya sauka a kan gilashin mota ko na faranten sola yakan manne ya bar tabon da ba ya fita. Tabarau na kariya da abin toshe kunne suna cikin kuɗin injin, ba ƙari ba ne.

Abin dubawa a shago

A injin girke, abin matse ƙarfe da gindin injin sun fi yawan wat muhimmanci. A girgiza hannun injin hagu da dama. Idan yana wasa, yankansa ba zai taɓa miƙewa ba. A gwada ma'aunin kwanarsa da sukwaya maimakon a yarda da lambobin da aka buga a jiki. A kuma tambayi mai shago ko ana samun kabon ɗinsa, domin shi ne abin da ya fi saurin cinyewa a irin waɗannan injina.

Ga mai ƙaramin jari, giranda mai kyau da sukwaya da abin ɗaure ƙarfe za su fitar da tebur, kujera da mazaunin sola. Idan aiki ya kai ga yanka guntaye masu tsawo ɗaya da yawa, kamar na ƙofa ko tagar kariya, kuma akwai wutar da za ta ɗauka, sai a ƙara injin faifan dutse. Mai haƙoran kabayid kuwa ya jira har lokacin da awannin da ake ɓatawa wajen goge bakin ƙarfe suka fi kuɗin ruwansa tsada.