Haddin Zafin da Matsi Ba Ya Ƙetarewa



Duk wanda ya taɓa kai tukunyar gas wurin mai ɗuri a Rogo Sabon Gari ko a Ƙaraye, in ya ɗauko ta ya girgiza, zai ji ruwa yana kai da komowa a ciki, alhali kuwa iska ya saya. Amma da zai girgiza doguwar tukunyar oksijin da ake sa wa majinyata a asibiti, wadda matsin cikinta ya ninka na waccan sau da yawa, ba abin da zai ji ya motsa. Sababin wannan bambanci shi ne mas'alarmu ta yau.

A shekarar 1869 wani malamin kimiyya na birnin Belfast, mai suna Thomas Andrews, bayan ya daɗe yana matsa iskar kabon dayoksaid cikin siraran bututun gilashi, ya bayyana cewa muddin zafinta bai kai digiri 31 ba, matsi yana mayar da ita ruwa, amma da zarar ta haura wannan haddi, kome tsananin matsin da aka yi mata, ba za a ga ruwa ya ware ba. Kowace iska kuwa da nata haddin, kamar yadda Mahalicci ya ƙaddara mata.

Wanda ya fito da hanyar hisabinsa shi ne van der Waals, mutumin Holan, a 1873 a Jami'ar Leiden. Ya lura magabata sun gina ƙa'idarsu bisa zaton ƙwayoyin iska ba su da jiki, ba su kuma damu da juna ba, sai ya shigar da adadi biyu da ake samu ta hanyar awo: na farko ƙarfin jan da ƙwayoyin ke yi wa juna, na biyu gurbin da jikinsu ke ci. Ga yadda lissafin yake. A ninka adadin jan juna sau 8, a ajiye. A ninka adadin gurbi sau 27, a ƙara ninkawa da 0.0831, wanda duk iskoki suka yi tarayya a cikinsa; sa'an nan a raba sakamakon farko da na biyu. A kabon dayoksaid, jan juna 3.64 ne, gurbi 0.0427, sai a sami 29.12 a raba da 0.0958, amsa ta fito 304 a ma'aunin Kelvin, in kuwa aka ɗebe 273, saura 31. Hikimar a fili take: gwargwadon yadda ƙwayoyi ke riƙe juna, gwargwadon zafin da za su jure kafin ya fi ƙarfinsu.

To, gas ɗin girki gamin furofen ne da butan, haddin na farko digiri 97, na biyu 152, don haka zafin bazarar ƙasar Kano, mai kaiwa digiri 40, bai ko kusanci haddinsu ba, matsi kaɗan ya isa ya riƙe su ruwa. Oksijin kuwa haddinta digiri 119 ne ƙasa da sifiri, shi ya sa sai a 1877, da aka haɗa mata matsi da matsanancin sanyi, aka fara ganin ruwanta. Haka ma mitan, wato gas ɗin CNG na motoci, haddinsa digiri 83 ƙasa da sifiri, saboda haka ake cusa shi yana iska cikin tukunya mai kaurin gaske, a Bonny kuma ake sanyaya shi zuwa 162 ƙasa da sifiri kafin a loda wa jiragen ruwa.

Fa'idar wannan ilmi ga mai gida biyu ce. Tukunyar girki ruwa ta ɗauko, ruwa kuwa yana kumbura da zafi, don haka kada a cika ta maƙil, kada kuma a bar ta cikin rana. Sa'an nan ba a ƙera ta don matsin CNG ba, wanda ya ɗura mata shi ya jawo wa kansa da maƙwabtansa halaka.