Yadda za a kira matasa aikin alheri ta wayar hannu

A sansaninmu na Minawao, duk inda ake cajin waya za ka tarar da matasa suna duba WhatsApp da Facebook. Mai son ya tara su don dashen itatuwa, tsaftar famfo ko mayar da yara makaranta, can zai same su. Amma aika saƙo daban, fitowar mutane daban.

Da yawanmu mun tuna daren 14 ga Afrilu 2014, da aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok. Kiran #BringBackOurGirls, wato a dawo mana da 'yan matanmu, ya zagaya duniya cikin makonni, har Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, ta ɗaga takarda mai ɗauke da shi. Abu biyu ne suka ba kiran ƙarfi. Buƙata ɗaya tak ya faɗa. Kuma masu yinsa ba su tsaya a waya ba, kullum suna taruwa a Abuja ana ganinsu.

Haka ma aikinmu yake, komai ƙanƙantarsa. Saƙo ya faɗi abu ɗaya: me za a yi, yaushe, a ina. A yi shi da murya, cikin Hausa, Kanuri ko harshen unguwar, domin ba kowa ke karatu ba. A gajarta shi, a bar bidiyo, saboda data kuɗi ce. Matashi ya fi jin kiran abokinsa, don haka a bar matasa su aika da kansu. A tuna da marasa waya, musamman 'yan mata: wanda ya ji ya kai wa maƙwabci, a kuma sanar a masallaci da coci.

Sai a yi hattara. Abin da ya shiga intanet ba ya komawa. Kada a sa hoton yaro ba da yardar iyayensa ba. Kada a sa katin rajista, lambar tanti ko sunan ƙauyen da 'yan'uwa suka rage, don masu mugun nufi ma suna dubawa. Labarin hari, rabon abinci ko komawa gida, a tabbatar da shi wurin shugaban unguwa kafin a tura.

Iyaye, ku riƙa tambayar 'ya'yanku zaurukan da suke ciki. Duk baƙon da ya yi wa yaro alkawarin aiki, kuɗi ko tafiya ta waya, a kai maganar ofishin kariya na UNHCR. Taimakon hukumar kyauta ne.