Kafin Ka Ce a Goge Ta: Nauyin Tashin Kwamfuta da Gardamar Faifai a Ƙasar Arewa

Ina da aboki malamin makaranta a Dogon Dutsi, mai wata kwamfutar cinya ƴar gwanjo da ya sayo a Yamai. Idan ya dawo gida da la'asar sai ya danna mata makunni, ya hura gawayi, ya ɗora butar shayi. Sau tari sai an sha na farko kafin ta gama miƙa ta yarda a taɓa ta. Rannan ya tare ni da ƙara biyu. "Malam, wagga na'ura ta gaji. Ba ta tashi da wuri, kuma ko faifan bikina na sa mata sai ta yi ta gurnani, ta ƙi nuna komi." Ya ma riga ya yanke hukunci: gobe zai kai ta wurin mai gyara a yi mata formataj, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake zuba Windows.

Na ce masa ya dakata. A cikin na'urar nan akwai makin ɗalibai na shekara uku, da tambayoyin jarrabawa, da hotunan sunan ƴarsa, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Formataj ya zame mana kamar farasitamol, kowane ciwo shi ake ba shi. Yakan sauke zazzaɓi na mako biyu ko uku, amma idan cutar ƙura ce, ko zafi, ko ma'ajiyar da ta fara mutuwa, za ta dawo yadda take, ga takardu kuma sun tafi. Ga wanda ke zaune a Geceme, Dumega ko Kore Mai Ruwa, cikin gundumar Tibiri, har da kuɗin mota da yinin da ya ɓata wajen neman mai gyara.

Abin da ya kamata a fara yi ba ya cin ko dala. Ka kunna ta, ka sa ido, ka ga a wane mataki take tsayawa, domin tashin kwamfuta hawa uku ne kuma kowane hawa da irin ciwonsa.

Hawan farko shi ne tun kafin alamar Windows ta fito. A nan wata ƴar manhaja da ke manne a allon na'urar, mai suna BIOS, take duba kayan aiki, sannan ta bi jeri tana neman inda za ta samu Windows. Shekaru da yawa da faifai ake zuba Windows, saboda haka masu gyara sukan sa ma'ajin faifai a sahun gaba, su gama aikinsu su manta ba su mayar ba. Daga ranar, kullum aka kunna ta sai ta fara ƙwanƙwasa ƙofar faifai. Idan an bar wani ƙazantaccen faifai a ciki, ko idon da ke karantawa ya raunana, sai ta yi ta juyawa tana sake gwadawa, kai kuma kana zaune kana kallon baƙin gilashi. Ka ga ke nan ƙararrakin abokina biyu na iya zama ciwo ɗaya. Maganin: a cire faifai, a zare duk wani kile na USB da ke jiki, a shiga BIOS lokacin kunnawa (yawanci da F2, F10 ko Suppr, ya danganta da kamfani), a mayar da babbar ma'ajiya, wadda Windows ke ciki, sahun farko. Idan kuma kullum tana tsayawa tana neman a danna F1, agogonta ya koma wata tsohuwar shekara, to ƙaramin batir ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, mai ƙarfin bolt 3. A kwamfutar tebur canza shi aikin minti biyar ne. Kwanan wata marar daidai kuma yakan sa shafukan intanet su ƙi buɗewa, mutum ya yi ta zagin kamfanin waya a banza.

Hawa na biyu, alamar Windows ta fito tana ta kewayawa. Nan ya fi ban tsoro, don yakan nuna babbar ma'ajiya ce ke ciwo. Tsohuwar ma'ajiya, irin wadda ke cikin yawancin kayan gwanjo, faifai ne na gaske a rufe cikin akwatin ƙarfe, yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, ga wata allura tana shawagi a kansa da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. Abu biyu ne ta tsana: girgiza da ɗaukewar wuta ba zato. Duka biyun kuwa muna da su a wadace. Mutum ya rufe murfin kwamfuta ya jefa ta jaka tun ba ta gama mutuwa ba, ya haye kabu-kabu ya kama hanyar Matankari. Wuta kuma, Nijar na sayen kaso mai yawa daga Najeriya ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Dosso, kuma ba a manta yadda aka yanke shi a watan Agusta na 2023 ba, sai a Maris na 2024 aka mayar. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Ta cinya da batirinta ya mutu ita ma ta zama ta tebur. Duk lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya tafi tana tsakiyar rubutu, wani abu na iya lalacewa a ciki, shi ya sa a tashi na gaba za ka ga tana binciken kanta. Ka bar ta ta gama, kada ka katse. Amma idan ka kara kunne ka ji tana ƙas, ƙas, ƙas a kai a kai, wannan ba lokacin gyara ba ne. Ka kwashe takardunka a daren nan.

Wanda ke da hali, ya canza ta da sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD, wadda babu abin da ke juyawa a cikinta. A ganina babu kuɗin da mai tsohuwar kwamfuta zai kashe ya ga amfaninsa kamar wannan. Na'urar da ke cin mintoci kafin ta tashi takan koma tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Mai ta tebur kuma ya nemi ondilar, akwatin batirin nan da ke riƙe wuta ƴan mintoci har ka kashe ta cikin mutunci.

Hawa na uku shi ne wanda ya fi yawa, ya kuma fi sauƙi. Fuska ta bayyana, amma duk abin da ka danna shiru. Manhajoji ne suka yi cincirindo a bakin ƙofa, kowace na son ta tashi tare da Windows. Da yake na'urorinmu da Faransanci suke, ka danna Ctrl da Maj da Échap tare, ka nemi sashen Démarrage, za ka ga sunayensu a jere. A Windows 7 kuwa msconfig ake rubutawa. Ka hana waɗanda ba ka buƙata tashi. Ba goge su ka yi ba, in ka kira su za su zo. Na sha ganin na'ura ɗaya da manhajar kashe birus har uku, mai ita yana ganin ya ƙara tsaro, alhali kokawa suke da juna, jiki na jin jiki. Guda ɗaya da ake sabuntawa ta isa. Birus ɗin ma ta hanyar kile ya fi shigowa, wanda ya je shagon buga takardu ya dawo duk fayilolinsa sun koma ƴan alamomi masu kibiya. Sai kuma kwaɗayin sabon abu: na'ura mai ƙwaƙwalwar aiki giga 2 a ɗora mata Windows 10, kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ƙura da zafi su ba su da hawa, ko'ina suna nan. Hunturu ya cika fankar ciki da ƙura, bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga mai ita ya ɗora ta kan katifa ya toshe ramukan iska. Idan ƙwaƙwalwar na'urar ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A ɗora ta kan abu mai tauri, a lulluɓe ta da ƙyalle bayan ta huce, a hure fankar ko sau ɗaya bayan hunturu.

To, ma'ajin faifai fa? Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982, yana ɗauke da rubutunsa ne a kan layi guda ɗaya da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, wanda in da za a miƙe shi zai haura kilomita 5. Wani ɗan ido mai hasken leza ne ke bin layin. CD na ɗaukar kusan mega 700, DVD kuma giga 4.7, saboda layinsa ya fi siranta. Abin da ke bin layi mai wannan siranta, ƙwayar ƙura ɗaya dutse ce a gabansa. Kafin ka zargi na'ura, gwada faifai uku dabam-dabam. Idan ɗaya ne kawai ya ƙi, laifin faifan ne: goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba, don ƙarzar da ta bi layi ta fi wadda ta gitta shi ɓarna. Idan duka suka ƙi, idon ne. A ta cinya ana ganinsa da an buɗe, ɗan gilashi kamar ƙwayar gero, a shafe shi a hankali da auduga. Idan tana karanta CD ta ƙi DVD, ko akasin haka, ba tsafi ba ne: haske biyu ne a ciki, ɗaya ya mutu. Idan farantin ya ƙi fitowa, kada a sa wuƙa. Akwai ɗan rami a gabansa, a kashe na'urar a tura siririyar waya, zai buɗe.

Gaskiya dai, ban ga dalilin kashe kuɗi mai yawa a kan gyaran ma'ajin faifai a yau ba. Finafinan Kano da wa'azi da karatun Alƙur'ani da muke saye a faifai duk sun koma waya da ƙaramin kati, sababbin kwamfutocin cinya ma yawanci ba sa zuwa da shi. Akwai na waje da ake jonawa kamar kile, mutum biyar na iya aron guda. Abin da ke da daraja shi ne abin da ke kan faifan. Faifan biki ko na suna da mai hoto ya buga maka ba irin na kamfani ba ne. Rini ne a cikinsa, rana da zafi na cin sa sannu a hankali ko da ba a taɓa shi ba.

Akwai kuma batun shekaru. Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilu 2014, Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025. Na'urar za ta ci gaba da aiki, buga takarda da lissafin maki ba za su tsaya ba, sai dai ƙofarta ta fi sauƙin ɓallewa idan tana hawa intanet.

Ta abokina, faifan bikin ne ya kwana a ciki wata da watanni, ga ma'ajinsa a sahun farko, ga manhajojin kashe birus biyu. Muka gyara waɗannan kafin shayi na uku, ba a goge komai ba. Faifan kuwa sai a wata na'ura ya buɗe, muka kwashe abin da ya yarda ya kwasu, rabin ɗaurin auren ya riga ya tafi. Mai karatu, idan kana da irin wannan faifan a ƙasan akwati, ka fito da shi a makon nan ka kwafe shi wuri biyu.