Na'ura ko Rage Ƙiba: Wanne Ya Fi Kare Zuciyar Mai Ɗaukewar Numfashi a Barci?

Akwai minsharin da ba ya takura wa kowa sai wanda ke kwance kusa. Akwai kuma wanda yake tafiya da ƙarfi, sai ya yanke ɗif, a yi shiru na daƙiƙa goma ko fiye, sannan mai barcin ya fizgo numfashi a shaƙe. Wannan na biyun ciwo ne. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki, su toshe hanyar iska. Likitoci na ƙirga sau nawa numfashin ke tsayawa ko raguwa a cikin awa guda: daga sau 5 an shiga sahun masu ciwon, daga sau 30 kuwa abin ya tsananta.

Zuciya ce ke ɗaukar nauyin wannan dare. Duk lokacin da iska ta yanke, oksijin na jini ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta firgita jiki don ya farka, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Ga ƙirji yana ta kokawar zuƙo iska ta hanyar da take a rufe, wannan jan kuwa yana miƙar da bangon zuciya. Jinin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari da dare, zuciyarsa ta samu hutu. Mai wannan ciwo sau da yawa ba ya samun hutun. Shi ya sa ake yawan ganinsa tare da hawan jinin da ya ƙi jin magani, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Hanyoyi biyu ne likita ya fi nuna wa irin wannan majinyaci. Ta farko ita ce na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan, likita a birnin Sydney na Ostiraliya, ya fito da ita a 1981. Na'urar na hura iska ta cikin mesa zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Aikinta kamar itacen da ake tokare danga da shi ne: muddin yana nan danga na tsaye, ka zare shi ta kwanta. Falalarta ita ce sauri. A daren farko minshari kan ɗauke, bayan 'yan kwanaki mutum ya daina gyangyaɗi a ofis ko a kan sitiyari, wanda wannan kaɗai na iya ceton rai.

To amma zuciyar fa? A nan ne labari ya sha bamban da abin da aka yi zato. A 2016 aka wallafa sakamakon babban gwajin da ake kira SAVE, wanda ya ƙunshi mutum 2,717 masu ɗaukewar numfashi da dama can suna da ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa. An ba rabinsu na'ura, aka bi su fiye da shekara uku da rabi. Masu na'ura sun fi jin daɗin rayuwa, gyangyaɗinsu ya ragu, amma bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ba su ragu ba. Sai dai a matsakaici, awa 3.3 kawai suke yi da takunkumin a dare. Sauran daren, har da barcin goshin asuba da numfashi ya fi yankewa a cikinsa, a tsohon halinsu suke yinsa. Wani nazari na 2023 da ya haɗa wannan gwaji da wasu biyu ya nuna cewa waɗanda suka jure awa 4 ko fiye sun fi tsira daga maimaituwar ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ni abin da na fahimta shi ne, na'urar na kare sa'o'in da take a fuska ne kawai. A garuruwanmu kuwa, inda wuta kan ɗauke tsakar dare, juriyar mai ciwo ba ta isa, sai ya tanadi batir ko sola bayan tsadar na'urar kanta.

Hanya ta biyu, rage ƙiba, tafiyar hawainiya take yi, amma saiwar ciwon take nema. Kitsen da ya taru a wuya da harshe yana matse maƙogwaro, teɓa kuma na danne huhu idan an kwanta rigingine. Masu bincike a jihar Wisconsin ta Amurka, waɗanda suka daɗe suna bibiyar barcin ma'aikatan gwamnati, sun ruwaito a shekarar 2000 cewa ƙarin nauyi na kashi 10 cikin ɗari na tafe da ƙarin yankewar numfashi na kusan kashi 32, ragin kashi 10 kuma na rage shi da kusan kashi 26. Abin da ya fi ja na ga wannan hanya shi ne, ba ta maƙogwaro kaɗai take taimakon zuciya ba. Tana sauke hawan jini, tana daidaita sukari, tana rage maiƙon jini, kuma amfaninta ba ya ƙarewa da wayewar gari. Na'ura, a yawancin mutane, ɗan abin da take sauke wa hawan jini bai wuce maki biyu ko uku ba.

Hanya ta biyun ma tana da nata cikas. Wanda bai ƙoshi da barci ba ya fi jin yunwa, ya fi kasala, motsa jiki na yi masa wuya. Ragin kashi 26 kuma ba warkewa ba ne ga wanda numfashinsa ke tsayawa sau 60 a awa. A Disamban 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar tirzepatide ga masu ƙiba da ke da wannan ciwo, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Sannan akwai siraran da ciwon nasu daga ƙanƙantar haɓa ne ko kumburin naman maƙogwaro, waɗannan babu abin da za su rage.

Da za a ce in zaɓa wa zuciyar mai ƙiba abu ɗaya na tsawon rai, rage nauyin zan ɗauka. Amma ba zan yarda a ce wa direban da ke gyangyaɗi a hanyar Kano zuwa Kaduna ya jira teɓa ta sauka ba. Shi na'ura yake buƙata tun daren yau, kuma barcin da za ta dawo masa da shi ne zai ba shi ƙarfin fita tattaki da yamma. Kafin a kai nan ma sai an gano ciwon, mai shi kuwa ba ya jin kansa. Matarsa ko abokin kwanansa ne shaida. Duk mai shan maganin hawan jini iri uku bai ga sauƙi ba, ya sa a naɗi barcinsa a waya na 'yan mintuna, ya kai wa likitansa, ya nemi a yi masa gwajin barci.