Yadda Ake Auna Ɗalibi Mai Koyon Aiki a Damagaram

A manyan makarantun Zinder jarrabawar aji kaɗai ba ta ba ɗalibi takardar kammala karatu. Sai ya fita ya yi aiki na wasu makonni ko watanni a ofis, asibiti, kamfani ko makarantar firamare, ƙarƙashin wani ma'aikaci da ke lura da shi. Wannan zama shi ake kira sitaj a Nijar, kuma makin da ɗalibi ya samo daga can yana shiga lissafin sakamakonsa. A Amurka, tun 1964 gwamnati ke tallafa wa ɗalibai su yi aikin albashi a cikin jami'arsu, kamar ɗakin karatu ko ɗakin cin abinci. A Damagaram aikin ɗalibi yawanci a wajen makaranta yake, kuma koyo ne manufarsa. In an ba shi ɗan kuɗin mota, alheri ne.

Makarantu uku ne suka fi fitar da irin waɗannan ɗalibai. Akwai jami'ar garin, wadda ta fara a 2008 a matsayin cibiyar koyar da fasaha, ta zama cikakkiyar jami'a a 2010, yanzu kuma take ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan Zinder da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19. Akwai makarantar horon malamai ta Askia Mohamed, sai makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa, wadda ɗalibanta ke cika ɗakunan babban asibitin Zinder da ƙananan asibitocin unguwanni. Buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, ya ƙara wa masu karatun fasahar man fetur wurin da suke burin zuwa.

A bisa tsari, mutum biyu ke riƙe da ɗalibi: malaminsa na makaranta da kuma ubangidansa na wurin aiki. Na biyun shi ke cike takardar awo, wadda makaranta ke aikowa da layuka a jere. Ana tambayarsa ko ɗalibin yana zuwa kullum kuma kan lokaci, ko yana gama abin da aka sa shi, yadda yake zama da abokan aiki, da ko yana iya ganin aiki ya yi ba sai an ce masa ba. Ana ba da maki bisa 20, kamar yadda aka gada daga tsarin Faransa, 10 kuma ita ce iyakar tsira. Bayan haka ɗalibi ya rubuta rahoton abin da ya yi, a wasu fannoni ya tsaya gaban alƙalai ya kare shi.

A asibiti ne awon ya fi tsanani, domin kuskure yana sauka kan jikin mutum. Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na ɗaki, yana tsayawa kusa lokacin da ɗaliba za ta yi allura. Yana duban ko ta wanke hannu, ko ta karanta sunan magani da ranar lalacewarsa kafin ta fasa kwalba, ko ta tambayi majinyacin sunansa, da inda ta jefa allurar bayan ta gama. Yana kuma sauraron bakinta. Tsohuwar da ta zo daga ƙauyen Mirriah ko Magaria ba ta jin Faransanci, ɗalibar da ta kasa yi mata bayani da Hausa ko Barbarci cikin ladabi ta gaza a rabin aikin, ko da hannunta bai yi rawa ba. Kwanan dare ma gwaji ne: a nan ake gane mai auna zafin jiki da gaske da mai rubuta lamba daga kansa don ya samu ya yi barci. Na biyun ya cancanci maki mai zafi, domin ƙarya a takardar majinyaci tana iya kashe rai.

Ɗalibin malanta kuwa malamin aji ne ke zama a bayan ɗaki, wani lokaci tare da mai ba da shawara kan koyarwa ko sufeto. Ana duba takardar shirin darasinsa, rubutunsa a allo, yadda ya raba lokaci, da ko tambayoyinsa sun isa ga yaran da ke zaune can ƙarshen aji. Bayan darasi a zauna da shi, a fara da jin nasa ra'ayin kan abin da ya yi, sannan a gyara masa.

Damagaram ta san auna mai koyo tun kafin takarda ta zo. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, maƙeran birni sun kai ga ƙera igwa, majema da dukawa kuma suna fitar da fata har ayarin hamada. Duk waɗannan sana'o'i a hannun ubangida ake koyonsu, har gobe. Baduku ba ya yaba jaka daga fuskarta, juya ta yake yi ya duba bayan ɗinki, inda gaggawa ba ta ɓuya. Maƙeri yakan bar yaro a kan zuga tsawon lokaci kafin ya miƙa masa guduma, ranar da ya bar shi ya ƙera wa baƙo fartanya shi kaɗai, ita ce ranar sakamako. A tsangaya malam yana darasa allon almajiri kafin ya ba shi izinin wankewa, yana kuma ganin halinsa a gona da wurin ɗebo itace. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, musamman idon da ya shekara yana kallo. Aibin wannan hanya shi ne babu wurin kai ƙara. Ubangida na iya riƙe yaro fiye da kima don yana cin moriyarsa.

Tsarin zamani ya magance wannan da wa'adi da sa hannu, amma ya zo da nasa rauni. Ɗalibai sun fi wuraren aiki yawa, sai ka tarar da biyar ko shida a wuyan ma'aikaci ɗaya da nasa aikin ya sha masa kai. Wani ɗalibin ya ƙare sitaj ɗinsa a aike da kwafar takardu, ranar ƙarshe a cike masa takarda da 16 ba tare da an taɓa ganin aikinsa ba. Zumunci da kunya ma suna shiga, domin a gari kamar Zinder da wuya ubangida ya rasa sanin mahaifin ɗalibi ko kawunsa. Makin alfarma zalunci ne ga ɗalibin da ya yi gumi, kuma yana tura wa jama'a ma'aikacin da bai ƙware ba. Haka nan zalunci ne a yi shiru wata biyu a kan kuskuren yaro, sai ranar rabuwa a zabge masa maki.

A Najeriya, shirin SIWES da aka kafa a 1973 ya wajabta wa ɗalibi littafin da yake rubuta aikinsa na yau da kullum, ubangida yana dubawa yana sa hannu a kai a kai. Ɗaliban lafiya a Nijar ma suna da ɗan littafi makamancinsa. Amfaninsa shi ne yana tilasta wa mai awo ya duba tun tafiya ba ta yi nisa ba. Ubangidan da ya faɗa wa ɗalibi abin da ake so daga gare shi a ranar farko, ya zauna da shi a tsakiyar wa'adi ya nuna masa inda ya karkace, sannan ya rubuta dalili kusa da kowane maki, shi ne makarantu ya kamata su riƙa tura wa ɗalibansu.