Baƙon da Ya Fi Ƙarfin Mai Gida: Baƙin Halittu da Makomar Gandayen Dajinmu

Fannina harshen Hausa ne, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan batu, wato barazanar da baƙin tsire-tsire da dabbobi ke yi wa gandayen daji da sauran wuraren da hukuma ta keɓe domin kare halittu.

Duk wanda ya tashi daga Kaduna ya bi ta Rigachikun zuwa Katabu, in ya lura da itatuwan bakin hanya, zai ga yawancinsu darbejiya ne da turare da malaina da mangwaro. Babu ɗan ƙasa ko ɗaya a cikinsu. Darbejiya da mangwaro da malaina daga yankin Indiya suka fito, turare kuwa daga Ostareliya. A 1928 aka fara dasa darbejiya a lardin Barno, ga shi yau babu garin da ba ta kai ba. Harshenmu ma ya adana tarihin irin waɗannan baƙi. Muna cewa gwandar Masar domin mu bambanta ta da gwandar daji, muna kuma cewa dankalin Turawa. Ke nan baƙunta ita kaɗai ba laifi ba ce, domin da baƙi irin su masara da rogo da tumatir muke ciyar da iyalanmu.

To, yaushe baƙo ke zama annoba? Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, amma akwai baƙon da in ya sauka ba ya tashi. Abubuwa uku ne kan haɗu. Na farko, ɗan Adam ya ɗauko shi daga wata nahiya, da gangan ko bisa kuskure. Na biyu, ya baro ƙwari da cututtukan da ke rage masa yawa a can gida. Na uku, ya tarar da ƙasar da aka riga aka raunana ta hanyar sara, ko ƙuna, ko datse kogi. In ukun nan suka haɗu, sai ya yaɗu ya ƙwace ruwa da haske da abinci daga 'yan gida.

Misali na farko shi ne wata ciyawar ruwa mai shuɗin fure, wadda jama'a suka ara wa sunan kainuwa, ko da yake ba ita ce kainuwar da kakanninmu suka sani a kududdufai ba. Asalinta kogin Amazon ne a Amurka ta Kudu, kuma kyan furenta ne ya sa aka yi ta kai ta ƙasashe. A 1984 ta shigo Nijeriya ta ruwan Badagiri daga Jamhuriyar Binin, daga baya kuma ta gangaro ta kogin Kwara ta shiga tafkin Kainji, wanda ke maƙwabtaka da babban gandun dajin da aka kafa a 1979. Cikin mako biyu takan iya ninka yawanta. Tana rufe fuskar ruwa ruf, hasken rana ya kasa shiga, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, kwalekwale ya rasa hanya, sauro da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya su sami mafaka.

Misali na biyu shi ne kachalla a fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai kowace shekara su yi hunturu. An shigar da tafkin Nguru cikin jerin fadamu masu muhimmanci na Yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Baturiya da Dagona kuwa a 2008. Kachalla an daɗe da saninta a fadamun Afirka, amma a da rani kan ƙone ta, domin kogin yakan cika da damina ya janye da bazara. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara, yana ajiye laka. Nan take kachalla ta sami abin da take so, ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su da makiyaya. Wani gari ya sha ambaliya, na gaba da shi ya rasa ruwa. Bugu da ƙari, ta zama makwancin jan baki, tsuntsun da ke wawashe gero da dawa. Darasin a nan shi ne, in muka sauya halin ƙasa, ko ɗan gida ma yakan koma ya yi ɗabi'ar baƙo.

Kada mu ɗauka kullum mu ake cuta. Giwan ruwa, kifin da muke alfahari da shi a Argungu, an saka shi a tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas a shekarun 1950 domin bunƙasa su. Ya yi ta haɗiye ƙananan kifayen tafkin, har masana suka ƙiyasta cewa iri kusan 200 sun ɓace, waɗanda ba a samunsu ko'ina a duniya sai can.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga mutanen Kaduna. A watan Mayun 2016 gwamnatin jihar ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, saboda wata tsutsa 'yar asalin Amurka ta Kudu wadda ta isa Sifen a 2006, ta tsallako Afirka, ta kai mana nan. Ɓarnar gona kowa yana ganinta a kasuwa, domin farashi kan faɗa masa. Ɓarnar daji kuwa a ɓoye take tafiya. Gandun Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun ƙasa a 1999, dajin doka ne da maje da kirya da marke. Iyakarsa tana hana mafarauci da mai gatari, in akwai masu tsaro, amma ba ta hana jemage ko tsuntsun da ya ci 'ya'yan darbejiya ya je ya kasayar da ƙwallon a gindin ɗorawa. Ku duba ƙarƙashin manyan itatuwan gonakinku, ku ƙirga 'ya'yan darbejiya da suka tsiro, sa'an nan ku nemi ɗan kaɗanya ko ɗaya.

A 2023 wani kwamitin masana na duniya ya fitar da rahoto a birnin Bon na Jamus, ya ce baƙin halittu fiye da 37,000 ne suka kafu a wuraren da ba nasu ba, fiye da 3,500 daga cikinsu masu ɓarna ne. Suna da hannu a kashi 60 cikin 100 na halittun da aka san sun ƙare, asarar da suke jawowa kuwa ta haura dala biliyan 423 a shekara.

Me ya kamata mu yi? Rigakafi ya fi magani. Ma'aikacin kan iyaka ya binciki iri da dashen da ake shigowa da su. Jami'in gandun daji, in an zo rabon dashe, ya sa ɗorawa da kaɗanya da maɗaci da tsamiya a gaba, musamman kusa da gandaye, ko da sun fi jinkirin girma. Masu kula da madatsu su riƙa sakin ruwa yadda zai yi kama da cikar damina da janyewar rani. A kuma saurari masunta da makiyaya, domin su ne ke fara ganin ciyawar da ba su san sunanta ba, kuma cire ta tana kadada ɗaya ya fi sauƙi a kan tana dubu.

Ku kuwa ɗaliban Hausa, aikinku shi ne ku je wurin tsofaffi a Katabu da ƙauyukan Igabi, ku rubuta sunayen itatuwa da ciyayi, da inda kowanne yake tsirowa a da, da amfanin da ake yi da shi. Wannan jerin shi ne ma'aunin da za a gane abin da ya ragu da abin da ya shigo. Itacen da ya ɓace daga daji ba ya daɗewa a bakin mutane, kuma tare da sunansa ake rasa maganin da ke cikin saiwarsa da karin maganar da aka gina a kansa.