Kiyaye Macijin Gida Daga Zafin Bazara

Mun sani wannan magana za ta ba waɗansu masu karatu mamaki, gama a ƙasar Hausa maciji ba baƙon da ake yi wa maraba ba ne. Da dare ma mutane da yawa ba su yarda su ambaci sunansa, sai su ce igiyar ƙasa. Duk da haka akwai masu ajiye shi. Akwai gardawa da ke yawo da shi kasuwa-kasuwa, akwai malamin makaranta wanda ya sa guda a akwati domin ya koya wa yara halin dabbobi, akwai kuma mutanen Ingila da Amurka da ke kiwonsa don sha'awa, kamar yadda mu ke kiwon tantabaru. Wadda suka fi so kuwa tamu ce ta Afirka ta Yamma, watau wata 'yar ƙaramar mesa marar dafi, wadda tsawonta bai cika wuce ƙafa 5 ba, in ta tsorata sai ta dunƙule ta ɓoye kanta a tsakiya. Daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin ake fita da dubbanta kowace shekara. In ta sami kulawa takan rayu shekara 20, har 30.

Yawancin mutane suna tsammani maciji ɗan rana ne, zafi ba ya yi masa kome. Wannan kuskure ne babba. Mutum in ya ji zafi sai ya yi gumi, kare ya zaro harshe ya yi haki, amma maciji ba shi da gumi, jikinsa kuwa yana bin zafin wurin da ya ke kwance. In wurin ya yi zafi, shi ma ya yi. Dabara ɗaya tak Allah ya ba shi, ita ce ya tashi ya sake wuri. Da hantsi ya sha ɗumi, rana na yin tsaka ya shige ramin ɓera ko cikin suri, inda ƙasa ke da sanyi ko da sama tana ƙuna. Ko macijin nan na labarin Daura, wanda Bayajida ya kashe, ai a rijiyar Kusugu ya tare, bai tare bisa dutse ba.

To, wanda ya kulle maciji a akwati ya raba shi da wannan dabara ɗaya da ya ke da ita. Saboda haka nauyin ya komo wuyan mai shi.

Masu kiwon wannan mesa sun daidaita a kan cewa akwatinta ya kamata ya zama da gefe biyu: gefen ɗumi mai kamar digiri 31 ko 32 a ma'aunin Selshiyos, da gefen sanyi mai kamar 25 zuwa 27. In zafi ya wuce 35 ya daɗe a haka, an shiga haɗari, in ya kai 40 kuwa mutuwa ba ta da nisa. Yanzu mai karatu ya tuna cewa a watan Afrilu zafin rana a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan wuce 40, a inuwa ma ke nan. Watau abin da Bature ke kashe kuɗin lantarki ya samar, mu yawansa ne ke damunmu. Kada kuwa a dogara da jin jiki. A sayi ma'aunin zafi a kwantar da shi a ƙasan akwatin, daidai inda macijin ke kwanciya, a riƙa dubawa da azahar.

Abu na fari shi ne wurin ajiya. Akwatin gilashi da aka bari kusa da taga, rana na bugunsa, tanda ce, kafin a tashi daga darasi ɗaya aikin gama ya gama. Ɗaki mai rufin kwano ba silin shi ma kusan haka ya ke. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin soron kakanninmu, ya fi su duka, a kuma sauke akwatin daga kan tebur zuwa daɓe, gama iska mai zafi sama ta ke hawa. In akwai fitilar ɗumama akwati, a kashe ta sai bazara ta wuce.

Sa'an nan sai a koma ga ilimin randa. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, dalili kuwa shi ne ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, sa'ad da ya ke bushewa, yana tafiya da zafi. Da wannan hikima ce Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Mai maciji ma ya iya cin moriyarta. A kife kasko mai 'yar ƙofa bisa yashi mai ɗan laima a gefen sanyi, ya zama rami. A shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu bisa rabin murfin, a bar rabi domin iska. Wannan ya fi ci a farkon bazara, lokacin da iska ke bushe. In hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, ƙarfinsa yakan ragu. Amma kada a mai da akwatin duka fadama, gama kwanciya kullum cikin jiƙa tana ruɓar da fatar cikin maciji. Fanka ita kaɗai ba ta amfana masa kome tun da ba ya gumi, sai fa in an juya ta tana hura buhun nan. Mai firji ya iya naɗe kwalbar ƙanƙara da tsumma ya jingina ta a bayan akwatin ta gefe ɗaya, kada dai ta taɓa jikinsa. Kwanon ruwa kuwa ya zama mai faɗi, wanda zai iya shiga ya nutsa, a sake ruwan kowace safiya.

Game da abinci, a dakata. Narkar da ɓera guda aiki ne mai nauyi ga jikin mesa, in ta ci cikin tsananin zafi takan amayar. Azumin mako biyu ko uku ba ya cutar da babba mai lafiya.

Yaya za a gane zafi ya kama shi? Da fari zai kasa zama, ya yi ta zagaya akwati yana tura murfi da hanci, ko ya tare cikin ruwa ya ƙi fita. In abin ya yi nisa sai a ga baki a buɗe, kai yana rawa, ko ya birkice rigingine ya kasa juyowa. A nan ne masu kyakkyawar niyya kan ƙarasa shi, su kwarara masa ruwan ƙanƙara. Sanyin farat ɗaya shi ma illa ne. A kai shi inuwa, a sa shi cikin ruwa kaɗan mai sanyin randa, a tallafe kansa kada ya nutse, a bari zafin ya sauka sannu a hankali, sa'an nan a nemi likitan dabbobi. Wanda ya kai ga birkicewa, ko ya rayu, wani lokaci rawar kan ba ta barinsa.

Duk wannan bayani a kan marar dafi mu ke yi. Kububuwa da kasa da kumurci ba su da wuri a ɗakin karatu ko a gidan da yara su ke, kome gwanintar malami.

Saura batun murfi. A Ingila, inda zafi ya kai digiri 40 karo na farko a watan Yuli na 2022, ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA takan gargaɗi masu macizai cewa a lokacin zafi ne suka fi tserewa, gama ɗumi na ƙara musu kuzari. Malamin da ya ɗan ɗaga murfi domin iska ta shiga, gobe ya tarar da akwati wayam, da shi da maƙwabta babu mai barci. A sa ragar waya mai ƙarfi a kulle da sakata. In kuwa hutun makaranta ya zo cikin bazara, babu mai leƙa akwatin kullum, macijin kuma a dajin nan kusa aka kamo shi, a mai da shi can da maraice, nesa da gidaje, a sake shi a bakin suri.